Takardar izinin rediyo: ranar da wa'adi ya cika

Duk ɗan kasuwar da ke da shago ya san watan da a ke biyan patanti, duk mai mota kuma ya san ranar da takardun motarshi ke ƙarewa, ba ya jiran jandarma ya tuna mashi bisa hanya. Gidan rediyo mai zaman kanshi shi ma yana da irin wannan takarda, wadda hukuma ke ba shi domin ya yi magana cikin iska na wasu shekaru ƙidayayyu, in sun cika ya koma ya nemi a sabunta mashi. Mai saurare bai taɓa ganin takardar ba, galibi ma bai san da ita ba, sai ranar da ya murɗa akwati ya tarar da shuru a wurin da ya saba jin labarun safe. Abin da ya faru a Nijar da maƙwabtanta cikin shekaru 30 da suka wuce ya nuna cewa ranar sabunta izini ta fi kowace rana haɗari ga gidan rediyo, domin a ranar a kan iya kashe shi ba tare da an aika ko soja guda ba.

Maganar ta shafi Yamai da Maraɗi, amma ta fi nauyi a wuri irin Sassumbrum. Wannan kwamin ta gundumar Magarya, cikin jahar Damagaram, tana jingine da iyakar Najeriya, ƙasar Daura na kudu da ita. Daga nan har Dungas, wadda aka yanke daga Magarya ta zama gunduma a shekara ta 2011, sana'ar mutane noma ce da kiwo da fatauci, lissafinsu kuma rabi da sefa rabi da naira. Mai wake da mai riɗi da mai raguna, kowa kunnenshi na ga kasuwar Mai'aduwa ta ran Lahadi da ta Maigatari ta ran Alhamis. Malamin lakwal da ma'aikacin kiwon lafiya da aka tura ƙauye su ma suna jiran sanarwar albashi, ko ta canjin wurin aiki, ko ta ranar jarrabawa. Wayar salula ta kawo labari da sauri, amma ta kawo shi gauraye da ƙarya, ba mai tacewa. Shi ya sa har gobe, in gardama ta yi zafi cikin kasuwa, a kan raba ta da cewa an faɗa a rediyo.

Mai karatu zai tuna lokutan da jin labari da wuri ya zama dukiya. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020, Maigatari na cikin ƙofofi huɗu na farko da aka buɗe. A ƙarshen 2022 babban bankin Najeriya ya canza takardun naira 200 da 500 da 1000, ya sa 31 ga Janairu 2023 ta zama ranar ƙarshe ta karɓar tsofaffi, daga baya ya ƙara kwana 10, kana kotun ƙoli ta tsawaita wa'adin. Wanda ya ji kowane mataki bisa lokaci ya tsira da kuɗinshi, wanda bai ji ba ya rabu da tsofaffin takardu da faɗuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta sake rufewa har Maris 2024. Cikin waɗannan shekaru ne kuma muryoyin waje masu magana da Hausa suka ragu. An dakatar da RFI a Nijar a watan Agusta 2023, an dakatar da BBC na wata 3 a Disamba 2024, Muryar Amurka kuwa gwamnatin ƙasarta ce ta tsai da ita a Maris 2025. Duk wadda ta yi shuru, nauyinta bisa gidajen rediyon gida ya ke komawa, su kuma rayuwarsu na rataye ga takarda guda.

Dalilin takardar

Ba don mugunta aka ƙago izini ba. Iska kamar filin kasuwa ta ke, rumfunanta ƙidayayyu ne. Zangon FM ya tashi daga lamba 87.5 ya tsaya ga 108, in kuwa gidaje biyu maƙwabta suka hau lamba guda, ko suka matsi juna, ba abin da za a ji sai hayaniya. Dole ne a samu mai rabon rumfa, kamar yadda kowace kasuwa ke da sarkinta. Doka ta ɗauki wannan fili a matsayin dukiyar ƙasa, aronshi a ke bayarwa, ba a sayar da shi. Tun da kuma murya ba ta tsayawa gaban ɗan duwan a Tinkim ta nuna takarda, ƙasashe sun zauna a birnin Janeba a shekara ta 1984, ƙarƙashin ƙungiyar sadarwa ta duniya UIT, suka raba lambobin FM na Afirka da Turai, suka kuma yarda cewa ƙasar da za ta kafa sabuwar na'ura mai ƙarfi kusa da iyaka sai ta tuntuɓi maƙwabciyarta. Na'urar da aka ƙara ma ƙarfi a Magarya tana iya danne wata a Daura ko Kazaure, haka nan ta can tana iya danne ta nan.

Ban da gidajen gwamnati, waɗanda aka fi sani a Nijar iri biyu ne, na al'umma da na kasuwanci. Na al'umma, da aka fara da na Bankilare a 1999, ƙungiyar mutanen gari ke riƙe da su, na'urarsu ƙarama ce, kuma ba don riba aka kafa su ba. Na kasuwanci kamfani ne, da talla ya ke rayuwa, shi ya sa ya fi zama inda masu talla su ke, Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. In hukuma ta amince da shi sai su sa hannu bisa yarjejeniya, haɗe da kundin sharuɗɗa inda a kan rubuta lambar da zai hau, da ƙarfin na'urarshi, da wurin da zai kafa ƙarfen eriya, da irin shirye-shiryen da ya yi alkawali, da dokokin talla, da kuɗin da zai riƙa biya. Ranar sabuntawa wannan kundi a ke buɗewa, a gwada abin da aka alkawarta da abin da aka aikata. In da nan maganar ta tsaya, da ba ta wuce aikin akawu ba.

Daga kaki zuwa takarda

Tun daga 1958 da aka buɗe Rediyo Nijar, wadda ta zama Muryar Sahel, har farkon shekarun 1990, murya guda ke magana cikin ƙasa, mai son jin ta biyu sai ya nemi Kaduna ko London. Babban taron ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 shi ya haifi hukumar ƙoli ta sadarwa, CSC, domin a fid da rabon iska daga hannun gwamnati mai ci. Dokokin 30 ga Maris 1993 suka buɗe ƙofa, R&M ta fara magana a Yamai a 1994, Anfani ta Girema Bukar ta biyo baya a 1995, daga bisani ta kafa rassa har Damagaram. Ba a daɗe ba aka gwada ta. A watan Yuli 1996, lokacin zaɓen shugaban ƙasa, sojoji suka mamaye gidan Anfani na Yamai suka hana shi aiki makonni, a Maris 1997 kuma wasu mutane sanye da kaki suka shiga suka farfasa kayan aiki. Wannan hanya tana da aibi babba ga mai bin ta, domin kowa na gani, duniya na ji, abin kunya ne da ba ya ɓoyuwa.

Hanyar takarda ta fi sauƙi. A watan Satumba 2003 CSC ta soke izinin gidajen rediyo 15 masu zaman kansu a zama guda, ta ce bai dace da doka ba. Izini kuwa ba a kasuwa a ke sayo shi ba, hukuma ke bayarwa, in an yi kuskure wajen bayarwa sai a tambaya ko wa ya kamata ya ɗauki hasara. A Afrilu 2008, lokacin tawayen arewa, hukumar ta rufe Sahara FM ta Agadas ba tare da ta sa ranar buɗewa ba, gidan bai sake magana ba sai Yuni 2010, bayan mulki ya canza hannu. A ƙarshen Yuni 2009, cikin rikicin tazarce, shugaban CSC ya rufe rediyo da talabijin na Dounia. Wannan karo masu gidan suka garzaya kotu, alƙali ya ba su gaskiya cikin ƴan kwanaki, suka koma aiki. A Yuli 2018 kuwa ma'aikatar lanho ce ta garƙame ƙofofin gidajen watsa labarai da dama a Yamai saboda bashin haraji. Ba duka waɗannan ne rikicin sabunta izini ba, amma duka sun nuna yadda zaren da ke riƙe da gidan rediyo ya ke da rauni, sun kuma nuna cewa inda aka samu alƙalin da zai saurara, zaren ba ya tsinkewa da sauƙi.

Ita kanta hukumar ba ta zauna wuri guda ba. CSC ta 1991 ta koma ONC a mulkin riƙon ƙwarya na 1999, ta sake zama CSC, ta kuma komawa ONC bayan juyin mulkin Fabrairu 2010. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya maido da CSC mai wakilai 15, cikinsu har da waɗanda ƴan jarida da ƙungiyoyin farar hula ke zaɓa, dokar 7 ga Yuni 2012 ta tsara aikinta. Juyin mulkin 2023 ya tafi da tsarin mulkin da hukumominshi, shi ya sa takardar dakatar da BBC daga ofishin ministan sadarwa ta fito, sai a 2025 aka sake kafa ONC. Ke nan sau da yawa takardar izini ta kan fi hukumar da ta sa mata hannu tsawon rai. Mutumin da ya zuba miliyoyin sefa ya sayi na'ura da janareto, ya ɗauki ma'aikata, ba ya iya sanin ko wa zai tarar bisa kujera ranar da wa'adinshi zai cika, balle mudun da za a auna shi da shi.

Gemun maƙwabci

Ƙetaren iyaka an ga abin a fili. Najeriya ta kafa hukumarta, NBC, da dokar soja mai lamba 38 ta 1992, izininta kuma na shekara 5 ne. Ran 19 ga Agusta 2022 shugaban hukumar, Balarabe Shehu Ilelah, ya ba da sanarwar soke izinin gidajen rediyo da talabijin 52, ya ba su awa 24 su rufe. Dalili shi ne bashin kuɗin sabuntawa da ya haura naira miliyar 2 da miliyan 600, wani tun 2015. Cikin jerin akwai Raypower, rediyo mai zaman kanta ta farko a ƙasar, wadda ta fara aiki a Legas a 1994, akwai kuma gidajen gwamnatocin jihohi da dama, har da na arewa. Ƙasar kuwa wata 6 ya rage mata ta shiga babban zaɓe. Aka yi ma hukumar ca, ta ƙara kwanaki, kana ta dakatar da umurnin rufewa. Ƙungiyar SERAP da ƙungiyar editocin Najeriya suka kai ƙara, babbar kotun tarayya a Legas ta hana a taɓa gidajen kamin a yi shari'a. A Mayu 2023 kuma wata kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa NBC ba ta da ikon cin tarar gidajen watsa labarai, tun da ba ta iya zama mai ƙara kuma ta zama alƙali.

A wannan rikici kowane ɓangare da nashi laifi. Bashin gaskiya ne, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa wanda ya zauna cikin rumfa shekara da shekaru bai biya ba, ba ya da bakin magana ranar da aka zo da makulli. Amma hukumar da ta yi shekara 7 tana kallon bashi na taruwa, ta tashi rana guda ta ce awa 24, gab da zaɓe, ita ta jawo ma kanta zargi. Hukuncin kuma bai tsaya kan mai bashi ba. In gidan rediyon wata jihar arewa ya yi shuru, ba a Najeriya kaɗai a ke jin shurun ba, domin manomin ƙasar Ɓaure da ɗan'uwanshi na Sassumbrum sau da yawa murya guda su ke saurare, alhali ba wanda NBC ke bi ko kwabo cikinsu.

Ƴan kasuwar da ke sauka zangon Kumasi da na Akra sun san labarin Gana. A 2017 hukumar sadarwa ta ƙasar, NCA, ta binciki takardun gidajen FM, ta hukunta 131, mafi yawa saboda izininsu ya ƙare ba su sabunta ba. A Mayu 2019 ta rufe Radio Gold da Radio XYZ a Akra, gidaje biyu da aka san sun karkata ga jam'iyyar NDC mai adawa a lokacin, ba a maido masu da izini ba sai 2021. A Yuni 2025, bayan NDC ta hau mulki, hukumar nan dai ta umurci gidaje sama da 60 su rufe bisa irin wannan dalili, cikinsu har da waɗanda a ke dangantawa da NPP da ta koma adawa. Sai da shugaba John Mahama ya sa baki aka ba su kwana 30 su gyara takardunsu. Hujjar ba ta canza ba tsakanin 2019 da 2025, waɗanda ta faɗa ma ne suka canza.

Ko Turai ba ta tsira ba. A ƙasar Hungari, Klubrádió, rediyon kasuwanci ta birnin Budapest mai sukar gwamnati, ta nemi a sabunta izininta. A Satumba 2020 hukuma ta ƙi, bisa hujjar cewa gidan ya makara sau biyu wajen aika rahoton shirye-shiryenshi. Tsakar daren 14 ga Fabrairu 2021 ta sauka daga lamba 92.9 ta koma intanet, a 2022 kuma hukumar Tarayyar Turai ta kai ƙasar kotu bisa maganar. Laifin ƙarami ne, an ma biya tararshi tun lokacin da aka yi shi, amma aka aje shi cikin aljihun tebur har ranar da za a bukace shi.

Tsagar bango

Sai dai kada masu gidajen rediyo su ɗauka an wanke su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidan da bai biya kuɗin lambarshi ba, bai biya lanho ba, bai zuba ma ma'aikatanshi kuɗin CNSS ba, bai kai ma hukumar BNDA haƙƙin mawaƙan da ya ke sa waƙoƙinsu dare da rana ba, shi ya tufka igiyar da za a ɗaure shi. Haka wanda ya ƙara ƙarfin na'ura ba izini, ko ya sayar ma wani da gidan bai sanar ba. Akwai kuma abin da ya fi bashi muni, wato sayar da lokaci ga duk wanda ya zo da kuɗi, daga mai maganin da ke warkar da kowace cuta da kwalba guda har ɗan siyasar da ya sayi awa domin zagin abokin hamayya. A Kano, a Fabrairu 2013, NBC ta dakatar da izinin Wazobia FM saboda wani shiri bisa rigakafin shan inna da ta ce ya tunzura jama'a, wanda aka watsa ƴan kwanaki kamin ƴan bindiga su kashe ma'aikatan rigakafi 9. Hukumar da ba ta iya tsawata ma kowa, ba ta da wani amfani ga mai saurare.

Wajen kuɗi kuwa sai an yi adalci. Abin da ke shiga asusun rediyon jaha ba mai yawa ba ne, ga sanarwar rasuwa da ta aure da ta suna, ga cigiyar dabbar da ta ɓace, ga katin gaisuwa, sai ɗan talla da shirye-shiryen da ƙungiyoyin agaji ke biya. Abin da ke fita kuwa ba ya jira, ga albashi, ga wutar NIGELEC, ga gazuwal na janareto. Yankin Maraɗi da Damagaram yana shan wuta daga layin da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa, saboda haka da Najeriya ta yanke wuta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, awannin magana da yawa da gazuwal aka saye su, a daidai lokacin da rufe iyaka ya karya masu talla. Kuɗin izinin da aka yanka daidai aljihun Yamai, in aka ɗora shi ma mai son buɗe gida a Magarya ko Dungas, daidai ya ke da hana shi. Ko NBC ta bambanta farashin Legas da Abuja da Fatakwal da na sauran jihohi.

Mudu guda ga kowa

Ma'aunin da ya kamata ba sabo ba ne. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta rubuta shi a Banjul a 2002, ta sabunta shi a 2019, inda ta nemi mai ba da izini ya zama mai zaman kanshi, hanyar bayarwa kuma ta zama a fili, daidai ga kowa. In aka sauko da wannan ga aikin ofis, ba wani abu ba ne mai wuya. Hukuma ta buga jerin gidajen da ke da izini, da lambar kowane, da ranar da wa'adinshi ke cika, yadda kowa zai gani. Ta tuna ma mai gida tun da sauran watanni. Gidan da ya aje takardunshi bisa lokaci ya ci gaba da aiki har a ba shi amsa, kada jinkirin ofis ya zama laifinshi. Laifin da aka riga aka ci tararshi kada a tono shi, sai in an maimaita bayan gargaɗi. Bashi a tsara biyanshi kashi-kashi kamin a kai ga makulli. In kuwa za a ƙi sabuntawa, a rubuta dalili, a saurari mai gida, a bar mashi ƙofar kotu a buɗe, gidan na magana har alƙali ya yanke. Watannin da ke gab da zaɓe kuma a kauce masu, domin ko hukuncin gaskiya ne ba wanda zai yarda.

Saura mutum guda da a kan manta da shi wajen zaman, shi ne mai saurare. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke mashi yoyo. Ofis a Yamai na iya ƙidaya rasit, amma ba daga can za a san ko muryar gidan da ya yi alkawalin hidima ga jaha tana isa Sassumbrum da Yekuwa da Dogo-Dogo ba, ko kuwa tana tsayawa bakin birni. Ba daga can za a san ko gidan na faɗin farashin gero da wake na kasuwannin Magarya ba, ko yana ba Fulatanci lokacinshi kusa da Hausa, ko ya taɓa tura wakili ranar da ruwa ya ci gonaki, ko ranar da manoma da makiyaya suka yi saɓani bisa lokacin sakin gonaki. Kamin a sabunta izinin kowane gida, ya kamata a ba da wata guda wanda jama'a za su kai ƙorafi ko yabo, ta ofishin furefe, ko na kwamin, ko fadar sarki, ko ta waya. Gidan da ke neman wasu shekaru bisa dukiyar ƙasa, ba zalunci ba ne in aka ce mashi ya ƙara ƙaramar na'ura da za ta kai muryarshi kan iyaka, ko ya haɗa hannu da rediyon al'umma da ke can.

Ƴan kasuwa su ma da nasu rabo. Rediyon da attajiran gari ba su saya mata talla ba, ɗan siyasa ne zai saye ta, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski. Wanda ya ba da sanarwa ya biya, domin da irin wannan kuɗi a ke biyan kuɗin izini. Ofishin gwamnatin da ya aika sanarwa ya bar takardar kuɗin ta shekara cikin aljihun tebur, shi ma ya sa hannu cikin bashin da gobe za a rufe gidan dominshi. Ma'aikacin da takardun sabuntawa suka biyo ta teburinshi kuwa, ya tuna da Gana, inda waɗanda suka yi murna da rufewar 2019 suka wayi gari cikin jerin 2025. Wanda ya toshe bakin rediyo yana bisa kujera, in ya sauka ita zai nema ta faɗi kukanshi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai gidan rediyo ya buɗe yarjejeniyarshi yau ya duba ranar da ke rubuce, ya tara rasit ɗinshi wuri guda. Hukuma ta fid da jerin da sharuɗɗan tun ba a san wanda za su faɗa ma ba, domin dokar da aka sani tun kamin rikici ita kaɗai a ke yarda da ita bayan rikici. Mai raguna a Sassumbrum ba ya neman a yafe ma kowa bashi, ba ya kuma neman a ɗaure ma kowa gindi. Bukatarshi ita ce ran Asabar da dare, kamin ya biya kuɗin mota zuwa Mai'aduwa, ya murɗa akwati ya tarar da muryar da zai yarda da ita, ta faɗa mashi ko hanya a buɗe ta ke, da yadda naira ta kwana.